Wace kalma za ta zauna a gurbin "trigger" a gyaran tsofaffin injinan ganga?

Mai Dalma: Assalamu alaikum. Malamai, ina neman kalmar Hausa da za ta zauna a gurbin "trigger" in ana bayanin gyaran tsofaffin injinan ganga na analog, irin su Roland TR-808 da TR-606 da CR-78. Bari in fara faɗin abin da ake nufi, kada mu yi ta lalube cikin duhu. Ƙwaƙwalwar 808 ba ta ajiye sautin ganga ko ɗaya ba. Lokacin da kowace ganga za ta yi amo kawai take riƙewa. Da lokacin ya yi, sai a aika wata 'yar gajeruwar wuta mai tsawon milisakan 1 zuwa sashen gangar, sashen kuma ya ƙera sautin nan take da taransista da kafasita da rezista. Wannan 'yar wutar ita ce abin da nake nema wa suna. A bakin masu gyara "tiriga" ake ji, amma yaro mai koyo ba ya ganin hoton komai a cikinta. Wasu sun ce a ce kunama, tunda haka muke kiran ta bindiga. Me kuka gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kunama fassarar ƙamus ce, kuma a nan za ta ɓatar da mai koyo. Kunamar bindiga ƙarfe ne da yatsa ke ja. In ka ce wa yaro "duba kunama", maɓallan nan 16 na gaban injin zai nufa, ko maɓallin tashi da tsayawa, alhali abin da kake so ya duba yana can cikin fanel, ba a taɓa shi da hannu, sai dai a gan shi a osiloskof, na'urar da ke nuna siffar wuta a allo. Kuma bambancin yana da nauyi a wajen gyara. Maɓalli mai datti yana sa a rubuta kiɗa ba daidai ba: ka danna sau ɗaya ya ɗauka biyu, fitilarsa ta kama ta mutu. Amma kiɗan da ya riga ya shiga ƙwaƙwalwa zai ci gaba da fita lafiya ko da duk maɓallan sun mutu. Cuta biyu ce dabam, bai kamata su ci suna ɗaya ba.

Mai Situdiyo: To a ce "bugu" mana. Gajere ne, kowa ya san shi.

Injiniya: Bugu yana da aikinsa, Oga. Agogon injin ma bugawa yake yi. A soket ɗin DIN mai ƙafa 5 da ke haɗa 808 da 606, ƙafa ta 3 tana ɗauke da bugun agogo, 24 a kowane taki, ƙafa ta 1 ta tashi da tsayawa ce, ta 2 kuma ta ƙasa. In muka ba wa wancan "bugu" muka ba wa wannan "bugu", ranar da aka ce "bugu ya ɓata" ba wanda zai san ko agogo ne ya tsaya ko ganga ce ba a taɓa ba.

Malama Mai Nahawu: Kafin a ci gaba, ga waɗanda na auna na ajiye gefe. "Ɗana" ba ta yi ba, don ɗana tarko ko ɗana bindiga shiri ne kafin abu ya faru, ba faruwar ba. "Tartsatsi" tana da gajarta da kaifin da ake so, sai dai a shagon gyara duk wanda ya ji tartsatsi ya san wayoyi sun haɗu, zai zabura ya zare filogi. "Ƙyastawa" ta fi su kusa, kamar ƙyasta ashana: taɓawa ɗaya, sai abu ya tashi. Amma ina so masu fanel su gaya mana ainihin abin da wutar ke yi in ta isa sashen gangar. Daga aikin abu ake samo sunansa.

Baban Shago: Malama, tambayarki ita ce tambaya. Ɗauki babbar gangar 808, wadda aka rubuta BD a kanta. Babu wani abu mai kaɗawa dare da rana a cikinta. Akwai ai-si (ɗan guntun lantarki mai ƙafafu da yawa) ɗaya mai ƙara ƙarfi, irin 4558, an kewaye shi da kafasita biyu masu nanofarad 15 kowanne, da rezista mai megohm 1 da ta haye kansu kamar gada, da wasu rezista biyu, 47k da 6.8k, da suka gangara ƙasa daga tsakiyar kafasitocin. Wannan haɗin shiru yake yi har sai an doke shi. Da 'yar wutar nan ta faɗa masa, sai ya yi ta rawa a kusan 50 Hz, rawar tana raguwa har ta mutu. Wato fatar ganga ce sak, ta lantarki. Kafasita da rezista su ne girman fatar da ɗaurinta. Maɓallin murɗawa na tsawon amo yana maido wani ɓangare na sautin cikin haɗin, shi ya sa rawar ke daɗewa.

Akwai kuma wata dabara. A milisakan kamar 6 na farko, wani taransista yana tsallake rezista mai 47k, sai a bar 6.8k kaɗai, muryar ta yi tsalle zuwa wajen 130 Hz sannan ta faɗo. Kunne ba ya jin wannan a matsayin wata murya dabam, duka yake ji, wannan naushin da ke zuwa a ƙirji. In taransistan ya yanke, gangar za ta fita amma lagwas, ba kai. In ya haɗe ciki, gangar za ta maƙale a sama kamar ƙaramar ganga, komai ka murɗa.

To abin da ke dukan fata, me sunansa a Hausa?

Ɗan Makaɗa: Baba, ka riga ka faɗa, suna kawai ka rage. Gula ke nan. Sandan nan mai lanƙwasa da ake kaɗa ganga da shi. Ana kuma cewa makaɗi, amma a rubuce makaɗi na sanda da makaɗi na mutum ba su da bambanci, karin sauti ne ya raba su a baki. Gula ba ta da wannan matsalar. Kuma ku lura da yadda mai ganga ke yi: gula ba ta kwana a kan fata. Tana sauka tana tashi. In ka danne ta a kai, ka kashe amon. Milisakan 1 ɗin da Mai Dalma ya faɗa, ai shi ne saurin tashin gula.

Malama Mai Nahawu: Wannan ta shiga. Abin da ya fi burge ni shi ne tana zuwa da aikatau ɗinta, ba sai an ƙirƙiro ba. Gula ta sauka. Gula ba ta sauka. Gula ta yi rauni. Gula tana sauka biyu-biyu. Mace ce, don haka "gular BD", "gular tafi". Gwada da kunama ka ji: "kunama ta sauka" ba ta ba da ma'anar komai.

Injiniya: Ina tare da gula a kan BD da SD (ganga mai tsarkiya) da gangunan tom da konga da sandunan CL, don dukkansu irin haɗin gadar nan ne. Amma ga inda nake da ja. Farantan 808, wato CY (babban faranti) da OH (buɗaɗɗun farantai) da CH (rufaffun farantai), ba haka aka gina su ba. Akwai ai-si guda, HD14584, mai ɗauke da masu kaɗawa 6, kuma tun daga kunna injin suke kaɗawa ba tsayawa, a wajen 205 da 304 da 370 da 523 da 540 da 800 Hz. An cakuɗa su, an tace, an bar na sama, shi ne ƙarar ƙarfen da ake ji. Biyun ƙarshe, 540 da 800, su ne kuma muryar kugen CB. A nan 'yar wutar ba ta doki komai ba. Kafasita take cikawa, cajin ya buɗe wa sautin hanya, yana tsiyayewa hanyar na rufewa. Haka ma tafi da caki, da shuu ɗin da ke kan SD: tushensu taransista ne guda, 2SC828, da aka juya wa wuta ta baya don ya yi ta shuu kamar rediyon da ba ta kama tasha ba. Shi ma ba ya tsayawa. To ina gula a nan? Wannan ai buɗe ƙofa ne.

Baban Shago: Gaskiyarka a kan ginin, Injiniya, amma kada mu ba da ƙofa a nan, za mu neme ta gaba. Ƙofa ita ce "gate" ta injinan maɓallai: tana buɗe muddin yatsa na kan maɓalli, tana rufewa in an ɗaga, tsawonta shi ne tsawon sautin. 'Yar wutar da muke magana a kai tsawonta ɗaya ne kullum, ko farantin zai yi amo na daƙiƙa guda ko na ƙiftawar ido. Ba ita ke yanke tsawon ba, kafasita da rezistan tsiyayewa ke yankewa. Kuma daga layi ɗaya take fitowa, ta BD da ta CH duka. Mai gyara da ya ɗora osiloskof a bakin kowane sashe abu ɗaya zai gani. Abu ɗaya kuwa suna ɗaya. Mai kuge ma da sanda yake dukan ƙarfensa, ba mu ce sai fata kaɗai ake duka ba.

Injiniya: Na karɓa. Gula ga "trigger", ƙofa ga "gate". Sharaɗina ɗaya: a riƙa gaya wa mai koyo tun farko cewa sassan kashi biyu ne, masu shiru sai an doka, da masu kaɗawa kullum ana buɗe musu hanya. Binciken kowanne dabam ne.

Mai Dalma: Madalla. Bari mu ɗora kalmar a kan aiki mu ga ko za ta ɗauka. Injin ya zo, ganga ɗaya ta yi shiru. Daga ina za a fara?

Baban Shago: Kafin ma a sa filogi, a karanta takardar da ke bayan injin. An yi 808 daga 1980 zuwa 1983, kusan guda 12,000, kuma waɗanda aka yi wa kasuwar Japan na volt 100 ne, na Amurka 117. Wutarmu 230 ce. Ka sa na 100 kai tsaye, taransifoma ta tafi. Sai da mai rage wuta a tsakani.

Bayan haka a auna layukan wuta uku: +15 da -15 da +5. In ɗaya ya kauce, a tsaya nan, kada a taɓa sassan ganga.

Wuta lafiya, to tambaya uku ce a jere. Gula ta sauka? Fata ta amsa? Sautin ya sami hanyar fita? Ni daga ta ƙarshe nake ba da shawarar a fara, don ita ce ba ta buƙatar kwance ko noti ɗaya. Kowace ganga tana da ramin fitarta a baya, kuma a cikin ramin akwai ɗan harshen ƙarfe da ke cire gangar daga babban layi in an soka jak. Harshen nan yana tsatsa. Soka jak a ramin gangar da ta yi shiru: in ka ji ta a can, ba abin da ya same ta, harshen ne bai koma ya haɗa ba. Feshin wanke makunni kaɗan, a soka a zare sau 20, ya wadatar. Sai maɓallin ƙarar gangar, sai kuma 'yan makunnan zaɓi. Sautuka 16 ne a 808 amma layuka 11, don tom uku suna raba sashe da konga uku, RS (dukan bakin ganga) da CL suna raba ɗaya, tafi da caki ma haka. In tom na fita konga ba ta fita, makunnin zaɓin ne ya yi datti, ba sashen ba.

Sannan a koma kan gula. A bakin kowane sashe akwai taransista biyu da ba sa sakin gula sai abu biyu sun haɗu: umarnin ƙwaƙwalwa cewa wannan gangar ake so, da gular gama-gari da ke zagaya dukkan sassan. Saboda haka in fitilu na gudu amma duk ganguna sun yi shiru, a nemi gular gama-gari. In ɗaya ce tak, a nemi taransistocin bakinta da likin dalmarsu.

Mai Situdiyo: Baba, wanda ba shi da osiloskof fa? Mita ba za ta nuna ba?

Injiniya: Ba za ta nuna ba, kuma nan ne mutane da yawa ke yanke wa lafiyayyen taransista hukunci. Yi lissafi. A gudun taki 120 a minti, in ka cika duk maɓallai 16, gula na sauka sau ɗaya a kowane milisakan 125. Ita kuma milisakan 1 ce. Ko da ta kai volt 14, matsakaicin da mita za ta gani bai wuce 0.1 da ɗan kai ba, ga shi lambobin na rawa. Sai mutum ya ce babu wuta. Hanyar da ta fi ita ce kunne. Ɗauki kafasita mai nanofarad 100, haɗa ƙafa ɗaya da wayar da ke shiga ƙaramar amfilifaya, ƙasan amfilifayar ka haɗa da ƙasan injin, ka rage ƙara sosai, ka taɓa ɗaya ƙafar a inda kake tuhuma. Gula mai rai za ka ji ta ƙas, ƙas, ƙas daidai da kiɗan. Da wannan sandar sauraron za ka bi sautin mataki-mataki har inda ya ɓace. Akwai kuma ramukan fitar gula guda uku a bayan 808, na CB da CP (tafi) da AC, 606 kuma tana da biyu, na tom ɗinta. In suna bayarwa, ƙwaƙwalwa da agogo suna aiki.

Ɗan Makaɗa: AC ɗin nan da kuka ambata, in na fahimta, shi ne inda mai ganga ke ƙara hannu?

Injiniya: Shi ne. "Accent" ba sauti ba ne, tsayin gula ne, daga kamar volt 4 zuwa 14 gwargwadon inda aka murɗa maɓallinsa. Duk gangar da ta faɗo a wannan gurbin za ta sha duka mai ƙarfi.

Ɗan Makaɗa: To nauyin gula ke nan. Ko nauyin hannu, yadda makaɗa ke faɗa.

Malama Mai Nahawu: Nauyin gula ta fi, don ta riƙe zaren. Ka ga alamar kalma ta zauna ke nan, ta fara haihuwa. Saura "decay", wato tsawon amo kafin ya mutu. Ina ganin wutsiya: gajerar wutsiya, doguwar wutsiya, an datse wutsiya. CH ma in ta sauka tana datse wutsiyar OH, kamar yadda mai farantai ke taka ƙafa.

Baban Shago: Wutsiya ta yi, kuma ga cutar da ke tafe da ita. Wani lokaci BD takan ƙi mutuwa, ta yi ta gurnani ko ba gula, saboda abin da ake maidowa cikin haɗin ya yi yawa: rezista ta sauya da tsufa, ko ƙafar maɓallin wutsiya ta saki. Matsalar a wajenmu ita ce muryar gangar tana kusa da 50 Hz, wutar gidanmu ma 50 Hz ce, sai a ɗauka gurnanin wuta ne a hau canza kafasitocin sashen wuta a banza. Gwajin mai sauƙi ne. Murɗa wutsiya zuwa ƙarshen gajarta, ka kuma rage ƙarar BD kaɗai. In gurnanin ya tafi, gangar ce. In yana nan a duk layuka, sashen wuta ne ko wayar ƙasa. Manyan kafasitocin tace wuta in sun bushe, gurnaninsu ya fi zuwa a 100 Hz, ya ɗan fi na gangar tsini a kunne.

Gargaɗi ɗaya da nake so ya shiga bayanin da babban baƙi. A canza kafasitoci masu ruwa, masu alamar ƙari da ragi, in sun kumbura ko sun bushe, a kula da fuskarsu. Amma kafasitocin leda da ke cikin haɗin gada a bar su. Su ne muryar injin, kuma da wuya su lalace. Wanda ya cire su ya sa na tangaran, gangar za ta riƙa sauya murya da zafin ɗaki. Haka 2SC828 na shuu: zaɓaɓɓe ne, kamfanin ya tsince shi ne don irin ƙararsa. In tafi da caki da shuu na SD sun ɓace tare, a fara da likin dalmarsa da ai-sin da ke bayansa da ɗan maɓallin saitinsa kafin a zarge shi. In dole sai an canza, a sa soket a gwada guda 10 ko fiye da kunne, don ba biyu da ke shuu iri ɗaya.

Mai Dalma: Gula biyu-biyu fa, ko gular da ke sauka inda ba a rubuta ba?

Injiniya: Raba su. In kuskuren yana maimaita kansa a wuri ɗaya kowane zagaye, abin da ke cikin ƙwaƙwalwa ne ya gurɓace. A 808 batir 3 irin AA ke riƙe ajiyar, in sun mutu sai ta cika da shirme, sai an goge an sake rubutawa. In kuskuren yana yawo, a duba layin +5 da likin wayoyin da ke tsakanin fanel da fanel. CR-78 ta 1978 ita ce mai hatsari, don batirinta na caji a like yake a jikin fanel, kuma in ya tsufa yana zubar da ruwa mai cin layukan tagulla. Ruwan nan ɗan'uwan toka ne, ba tsami ba, saboda haka da ruwan khal ake kashe shi: a cire batirin, a shafa da auduga, a ɗauraye da tataccen ruwa, a bi da sifirit, a bar shi ya bushe sarai, sannan a auna kowane layi da mita. Koren tsatsa yana bin ƙarƙashin fenti inda ido ba ya kaiwa. Wanda zai sa batirin litiyom a gurbinsa dole ya sa dayod a tsakani, don fanel ɗin zai yi ta ƙoƙarin yi masa caji.

Da hunturu kuma a kula. Busasshiyar iska tana tara wuta a jiki, HD14584 da ƙwaƙwalwar da ma'ajiyarta duk irin CMOS ne, taɓawa ɗaya na iya kashe su. A ɗaura wayar ƙasa a hannu. Ayan ɗin dalma kada ya wuce digiri 350, kada ya daɗe fiye da daƙiƙa 3 a wuri ɗaya, tsohon fanel yana saurin ɗaga layi.

Mai Situdiyo: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Masu ganguna na lantarki da ake duka da sanda, irin na Simmons masu kusurwa shida, su ma suna kiran ɗan faifan fizo da ke ƙarƙashin fatar "trigger". Shi ma gula ne?

Malama Mai Nahawu: A'a. Turanci ne ya haɗa su a kalma ɗaya, ba dole mu bi shi ba. Faifan jin duka yake yi, sannan ya haifar da gular lantarki da ke tafiya ta waya zuwa akwatin sauti. A kira shi kunnen ganga. Kunne ya ji, gula ta tafi. Wajen sayen kaya daga waje dai sai an rubuta sunan da mai sayarwa ya sani, amma a bakin benci da cikin bayanin koyarwa, gula da kunne.

Baban Shago: Kunnen ma yana da nasa gwajin, kuma shi mita tana kama shi. Sa ta a ma'aunin volt na AC (wuta mai kai-komo), ɗora a wayoyinsa biyu, ka ƙwanƙwasa faifan da yatsa: lambobi za su yi tsalle. In ba su motsa ba, duba inda aka lika jar waya a kan farin tangaran na tsakiya, nan yake yawan ɓallewa. Likin wurin na daƙiƙa 1 ne, da dalma kaɗan, in ka daɗe farin shafen zai narke ya bar ka da faifan da ba ya ji.